Zancen Gini: Ɗakin Bene da Gangar Kwano

 Yau za mu ɗaga kai mu dubi abin da ke bisanmu, wato rufin ɗakin bene, musamman irin wanda ake yayi a sababbin unguwannin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, inda falafon ke bin gangaren kwano maimakon ya kwanta a miƙe. Abin da ya jawo zancen kuwa, wani dare ne da na kwana gidan wani ƙanena a Maraɗi cikin watan Agusta.

Shekara bakwai bawan Allah ya yi yana tara bulo da siminti da ƙarfe kafin gidan ya tashi. Ya sa tayil har bangon waje, ya sa ƙofa mai ado wadda duk mai wucewa sai ya waiwaya. A sama anka yi ɗakuna uku ƙarƙashin rufi mai gangare, anka lulluɓe su daga ciki da fararen sassan roba masu ƙyalli. Ɗaya daga ciki anka sauke ni. Wajen ƙarfe biyu na dare hadari ya taso daga gabas kamar yadda ya saba, iska ta gabata, ruwa ya biyo. Ban taɓa jin irin wannan ruri a cikin ɗaki ba, sai ka ce makaɗan sarki sun taru bisa kaina. Na fito na iske mai gidan tsaye bakin matakala, bakinsa na motsi amma ba na jin abin da yake faɗi, sai da ya matso ga kunnena ya ce: "Yaya, ka ji abin da nake sha duk damana."

Da ruwa ya tsagaita sai munka ji kukan yaro. Ashe ɗansa ɗan shekara uku ne, zazzaɓi ya rufe shi a ɗakin da ke maƙwabtaka da na uwarsa, ya daɗe yana kira ba wanda ya ji. Allah ya kiyaye, da safe anka kai shi likita ya samu sauƙi. Muna karin kumallo ƙanen nawa ya ƙara mini da wani abin da ya fi damunsa: in rani ya yi, dare ya yi tsit, duk maganar da anka yi a ɗaki ɗaya sai ta faɗa ɗaki na biyu, har iyalinsa sun koma yin raɗa a cikin gidansu. Ya ce: "Yaya, gidan nan yana ɓoye mini abin da ya kamata in ji, yana kuma tona abin da ya kamata ya rufe." Na tambaye shi ko ya yi zancen ƙara da magininsa tun ana aiki. Ya ce ko kusa, shi ma maginin bai tayar da maganar ba.

Abin da kakanninmu sunka sani

Wanda ya taɓa kwana cikin soro a Birnin Damagaram ko a tsohon garin Agadas ya san ruwan sama ba ya hana barci a can. Dalili shi ne nauyi. Magina na jera azara, su shimfiɗa zana ko kara, su zuba ƙasa mai kauri su daɓe. Ƙasa mai kaurin santimita 15 ta haura kilo 200 a kowane murabba'in mita, ɗigon ruwa ba ya iya motsa ta. Kwanon da muke saye yau kuwa, mai kaurin da bai kai rabin milimita ba, nauyinsa kilo 3 ne ko makamancin haka a murabba'in mita. Fatar ganga ke nan anka ɗaure bisa ɗaki, kowane ɗigo kuma gula ne.

Ba mu bar azara don wauta ba. Giginya ta yi ƙaranci, wadda ta rage a wajen Gaya da Dallol Mawuri doka na tsaron ta, rufin ƙasa kuma yana son yaɓe da kulawa kowace shekara. Ruwan damanar 2024, wanda ya rusa dubban gidaje har ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram cikin watan Satumba, ya tuna mana cewa ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Kwano ya zo da sauƙi da sauri, shi ya sa ya ci kasuwa. Sai dai mun karɓi sauƙinsa, mun mance da aikin da ƙasa ke yi mana a ɓoye, wato tare zafi da tare ƙara.

A gidan ƙasa-ƙasa mai falafon a miƙe, akwai fili babba tsakanin kwano da falafon, wani lokaci ya kai mita ɗaya ko fiye, wannan fili yana rage wani abu. A ɗakin bene mai gangare babu shi. Falafon na manne da katakan rufi, tazara ba ta wuce tafin hannu ba, a gefen da rufin ya sauko kuma kan mai barci na dab da kwano. Don haka laifin da ake iya jurewa a ƙasa ya kan zama azaba a sama.

Hanyoyi biyu da ƙara ke bi

Ƙara iri biyu ce ke shigowa ta rufi. Akwai mai biyo iska: lasifikar biki, gurup ɗin maƙwabci in kuran ya ɗauke, babura, da jiragen sama ga mazauna kusa da filin jirgin Diori Hamani. Akwai kuma mai biyo jikin gini: ruwa ya daki kwano, kwano ya girgiza, girgizar ta bi ƙusa ta shiga katako ko ƙarfen sharpant, ta sauko cikin falafon, shi kuma ya kaɗa iskar ɗaki. Wanda ya kafa kunnensa jikin bututun famfo wani na ƙwanƙwasa shi daga nesa ya san yadda abu mai tauri ke ɗaukar amo. Maganin kowace daban ne, wanda ya toshe hanya ɗaya ya bar ɗaya ya yi aikin banza.

Masana na auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana wajen desibel 60. Ruwa mai ƙarfi bisa kwano tsirara yana iya haura 70, shi ya sa ban ji maganar ƙanena ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ƙa'idojin da ta fitar a 1999, ta ba da shawarar kada ƙarar cikin ɗakin barci ta wuce desibel 30 da dare. A lura, wannan ma'auni ba kamar na mudu ba ne: duk lokacin da anka rage desibel 10, kunne na jin kamar an raba ƙarar biyu. Ke nan kowane desibel 10 da mai gida ya ƙwato riba ce babba.

Abu huɗu da ke kawo shiru

Na farko nauyi. Ƙa'ida ce sananniya cewa in an ninka nauyin abin da ya raba ka da ƙara, ana samun ragin desibel 5 zuwa 6. Sassan roba da sirin katakon kwantarfilake ado ne kawai, ba su da nauyin da zai tare komai. Abin da ke aiki shi ne allon filatir, wanda ƴan kasuwa ke kira BA13, mai kaurin milimita 12 da rabi da nauyin kilo 9 zuwa 10 a murabba'in mita, ko kuwa istaf mai kauri irin wanda masu aikinmu sunka iya zubawa. Allo biyu, ɗaya bisa ɗaya, sun fi ɗaya nesa ba kusa ba, da sharaɗin kada mahaɗin na sama ya faɗa daidai mahaɗin na ƙasa.

Na biyu raba tsakani. In an kafa falafon kai tsaye jikin katakon da ke riƙe da kwano, an gina ma girgiza gada. Abin da ya dace shi ne falafon ya samu nasa ƙarafan daban, a rataye su da maratayai masu roba a tsakiya, ko kuwa, in faɗin ɗakin ya ba da dama, a ɗora su daga bango zuwa bango ba tare da sun taɓa sharpant ba. Ƙusa guda da mai aiki ya buga don "ƙarin ƙarfi", ta haɗa allon da katakon sama, tana iya ɓata rabin wahalar da anka sha. Nan ne ya kamata mai gida ya tsaya da idonsa.

Na uku abin da ke shanye amo a tsakani. Fili wofi tsakanin kwano da allo ciki ne na ganga, ƙara amo yake yi. Ana shimfiɗa masa audugar dutse ko audugar gilashi mai kaurin santimita 10 ko fiye, a sake, ba a danne ba, domin iskar da ke cikin zaruruwanta ce ke aikin. A rufi mai gangare sai an ɗaure ta da waya ko raga, in ba haka ba shekara biyu ta zame ta taru a ƙasa ta bar ƙololuwa tsirara. Mai shimfiɗa ta ya rufe hanci da hannu da ido, tana da ƙaiƙayi. Farin soson nan mara nauyi da ake samu cikin kwalin firiji, wanda wasu ke cusawa don araha, yana rage zafi amma ba ya tare ƙara, ga shi kuma abincin wuta ne, hayaƙinsa guba.

Na huɗu toshe kafa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ƙara take. Lissafi ya nuna cewa in kafofin da ke jikin falafon sun kai kashi 1 cikin 100 na faɗinsa, komai nauyinsa ba zai rage fiye da desibel 20 ba. Wuraren da ake sakaci su ne inda gangare ya haɗu da bango, da ƙololuwa inda gangare biyu sunka haɗu, da ramin fanka, da ramukan ƙananan fitilun nan da ake binnewa cikin falafon goma-goma don ado. Kowane rami taga ce. A sa fitila a fuskar allo, a bar ƴar siririyar tazara tsakanin allo da bango a cike ta da mastik mai laushi wanda ba ya tsagewa, a kuma sa wayoyin kuran cikin bututunsu kafin a rufe.

Kwanon kansa

Kafin a zo ga falafon, ana iya rage ƙara tun daga tushenta. Makaɗi in yana son kashe amon ganga, tafin hannu yake ɗora mata. Haka kwano mai kauri ya fi siriri shiru, wanda anka lulluɓe da tsakuwa ya fi su duka wajen ruwan sama, akwai kuma shimfiɗa mai nauyi da ake mannawa a cikinsa, sai dai a tabbata irin mai jure zafi ce, kada ta narke cikin bazara. A matso da katakan da ake kafa kwano kusa da juna, a yi amfani da ƙusa mai murɗi da wuyan roba, a ɗaure sharpant da ƙarfen da ya fito daga cikin kankaren bango. Wannan na hana kwano kaɗawa da iskar gaban hadari, yana kuma hana ta yaye shi, abin da ɗora duwatsu da tsofaffin tayu ba ya yi.

Akwai wata ƙara da ke tsorata yara da magariba, wato ƙas-ƙas ɗin da rufi ke yi ba ruwa ba iska. Ba aljanu ba ne. Ƙarfe na miƙewa da zafi, yana komawa da sanyi: kwano mai tsawon mita 6, in zafinsa ya sauka da digiri 40 tsakanin azahar da dare, yana raguwa da kusan milimita 3, na alminiyam kuma kusan ninki biyu. Wuyan roba da ɗan sakin ramin ƙusa suna ba shi wurin motsi ba tare da kuka ba.

Sai a kiyaye abu guda: toshewar da munka ambata ta falafon ce, ba ta kwano ba. Tsakanin kwano da auduga dole a bar ƴan santimita inda iska za ta shiga daga bakin rufi ta fita ta ƙololuwa. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin inuwa ke haura digiri 40, kwanon da ke cikin rana ya fi haka ƙuna sosai, wannan iska ce ke kwashe zafin kafin ya sauko. A sa raga mai ƙananan idanu a mashigar da mafitar, don jemage da ɓera da tantabara. A kuma gwada rufin da ruwa kafin a rufe falafon, domin audugar da ta jiƙe ta tashi daga aiki. Daɗin abin shi ne kuɗin da anka kashe don shiru suna biyan kansu ta wajen sanyi: ɗakin da ke da auduga da allo biyu ba ya cin kuran ɗin kilim kamar ɗakin da ke da roba kaɗai.

Sirrin ɗaki

Saura kukan ƙanena na biyu. Da munka ɗaga sashe ɗaya na robar munka leƙa da tocila, sai ga bangon da ya raba ɗakunan ya tsaya daidai falafon, bisansa fili ne ɗaya tun daga wannan ƙarshen gida har wancan. Magana na hawa ta robar wannan ɗaki, ta tsallake bango, ta sauka ta robar wancan. Maginin ya yi tsimin bulo ƙalilan, ya sayar da sirrin gida. A al'adarmu, inda ake zama da surukai da baƙi da ƴaƴa balagaggu, inda kuma mai mata biyu ke neman zaman lafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bangon tsakani ya hau har ƙarƙashin kwano yana bin gangaren, a yaɓe shi fuska biyu har can saman da ido ba ya gani, a cike ƴar tazarar ƙarshe da auduga, sa'an nan kowane ɗaki a yi masa nasa falafon daban.

Tun ran gini, ran zane

Duk abin da munka lissafa yana cin wuri. Iska da auduga da maratayai da allo biyu suna ɗaukar santimita 15 zuwa 20 daga tsayin ɗaki. A gidan da anka gama, musamman gefen da rufi ya sauko, wannan na nufin mai gida ya riƙa sunkuyawa a ɗakinsa. A gidan da ake ginawa kuwa, sahun bulo ɗaya ne za a ƙara, tunda tsayin bulo santimita 20 ne. Haka zancen nauyi: allo biyu da auduga sun haura kilo 20 a murabba'in mita, sharpant da anka yi don ɗaukar kwano da roba kaɗai ba lalle ya iya ba. Sai an gaya ma injiniya ko mai walda tun kafin ya yanka ƙarfe.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ga shawara. Abu uku ba su gyaruwa daga baya sai da rushe-rushe: tsayin bango, ƙarfin sharpant, da bangon tsakani da ya kai sama. A yi su yanzu, kuɗinsu kaɗan ne in an gwada da tayil ɗin waje. Auduga da allo na biyu suna iya jira, a fara da ɗakin barci da na yara, falo ya biyo baya. Wanda kuma ke da hali ya yi tunanin zuba dal a saman benen, ya ɗora kwano bisansa kamar laima: kankare mai kaurin santimita 15 ya kai wajen kilo 350 a murabba'in mita, ba ruwan da zai kaɗa shi.

Ƙasa ma ba ta fita daga lissafi ba. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Tun 1980 anka fara koya ma maginanmu gini ba katako, mai rufin baka da ƙubba na tubali, a Cikal cikin yankin Filinge. A 2018 Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sunka kammala sabon masallacin Dandaji da tubalin ƙasa matsattse, sunka mayar da tsohon ɗakin karatu. Irin wannan rufi yana da nauyi, yana kuma tura bango waje, don haka ɗora shi a bene sai da lissafin masani, amma ya nuna cewa shirun soro bai zama tarihi ba.

Ƙanena ya riga ya makara ga sahun bulo. Bayan damana ya kira masu aiki sunka kwance robar ɗakuna biyu, sunka ƙarasa bangon tsakani, sunka ƙara ma sharpant ƙarfe, sunka sa auduga da allo. Ya biya kuɗin falafon sau biyu, iyalinsa sunka yi wata guda a ƙasa cikin ƙura, gefen gado kuma yanzu sai ya sunkuya. Da na koma na tambaye shi, ya ce: "Yaya, yanzu ina jin ruwa kamar a gidan maƙwabci ake yin sa, in yaro ya yi tari kuma uwarsa na ji ta ƙofa."

Kai da ke da fili, bulo na bushewa a rana, kafin ka zaɓi launin fenti ka zaunar da magininka ka tambaye shi abu uku: me zai shiga tsakanin kwano da falafon, a jikin me za a rataye falafon, kuma ina bangon tsakani zai tsaya. In ya ce maka "Alhaji, haka kowa ke yi", ka ce masa ba kowa ne zai kwana ciki ba. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa mu ji saukarta muna masu godiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.